Ubale Oba da Batirin Doguwa

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Ubale a Kiru, kuma katangar ko kafaɗata ba ta kai ba, saboda haka duk wanda zai ba ku labarinsa a bayana yake. Ni ne Kyauta mai faci. Rumfata tana bakin ofishin da ya yi aiki, in mun koma gida kuma ko tari ya yi sai na ce masa sannu. Ya ce kada in rubuta. Na ce to. Ga shi ina rubutawa.

A Ɗansoshiya aka haife shi, gidan manoman dawa da gyaɗa. Uwarsa a kan gwiwa ta rasu, wajen haihuwar ƙaninsa, gwaggonsa ce ta raine shi. Tun yana ƙarami muryarsa ta fi jikinsa girma. Idan aka tura shi korar tsuntsaye, tsawa ɗaya zai yi gonarsu ta watse, ta maƙwabta ma ta watse, har masu gonakin gefe suka daina turo 'ya'yansu, suka koma aiko masa da dafaffiyar masara. Ya gama firamare, ya yi kwandasta a wata bas mai zuwa Kano. Bai daɗe ba direban ya sallame shi, domin Ubale ba ya iya ɗaukar fasinja sai ya gaishe shi, ya tambayi mutan gida, ya tambayi damina, kafin ya kai kan gajiya wata motar ta kwashe mutane ta wuce. Ya gwada ɗinki, ya ɗinka wa limamin unguwarmu wando mai ƙafa ɗaya doguwa ɗaya gajera. Liman ya sa shi haka nan don kada ya karya masa zuciya, mu kuwa da ke sahun baya mun sha fama da dariya.

Abincinsa yana wajen shanu, shi bai sani ba. Bayan annobar bushiya ta shekarar tamanin da uku, wadda ta kwantar da garke-garke a ƙasar nan, aka kawo wani shiri na kula da lafiyar dabbobi. Aka buɗe ƙananan ofisoshi a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, kowanne aka ajiye masa rediyon oba-oba, irin wanda za ka yi magana a ji ka, a ba ka amsa. Masinja aka ɗauki Ubale. Ranar da injiniya ya zo daga Kano haɗa na'urar, sai ya ji Ubale daga bakin ƙofa yana kiran mai ƙosai da ke tsallaken titi, can bayan tasha. Injiniya ya ajiye sukundireba, ya leƙo.

"Wane ne wannan?"

Aka ce masinja ne.

Ya ce, "Wannan ai ko ba eriya za a ji shi a Tudun Wada. Ku zaunar min da shi a nan."

Haka ya zama Ubale Oba. Ko a gida Ubale ya ce a miƙo masa buta sai ya ƙara da oba. Ni na laƙaba masa sunan, ya yi fushi na kwana biyu, daga baya da kansa ya rubuta shi a bayan kekensa.

Rediyon wani baƙin akwati ne da bai kai akwatin lefe ba, da abin magana mai igiya kamar wutsiyar akuya. A jikin abin maganar akwai maɓalli. Ka danna, ka yi magana, ka ce oba alamar ka gama, ka saki, sannan ka ji amsa. Muddin kana danne, ba mai iya ce maka uffan. Batirin mota yake ci, kuma magana ta fi sauraro cin wuta nesa ba kusa ba. A gabansa akwai abin murɗawa mai lambobi, kowace lamba layi ce daban. Layin aiki yakan canza, yau a ce a koma na huɗu, wata mai zuwa a ce na shida, saboda wani lokaci maganar masu aikin titi kan shigo ta cakuɗe da tasu. Amma injiniya ya kafa doka guda wadda ba ta canzawa. Duk wanda ya kira ya ji shiru, ko ya manta layin da ake kai, ko wani ya murɗe masa akwati, to kada ya tsaya lalube. Ya mai da shi lamba ɗaya bayan sallar azahar, kowa zai leƙo can ya duba ko akwai wanda ya ɓata.

Ubale ya sa wa lamba ɗayan nan suna ɗakin Iya. Ya ce yaro in ya ɓata a gari, ko aka kore shi daga ko'ina, ai ya san inda zai dosa. Wani ɗan ƙanwata da ke hawa dogayen ƙarafan nan na zamani ya ce min har yau abin bai mutu ba, wai akwatunan intanet da suke ɗaurawa can sama kowanne da lambar da yake komawa in ya rikice, adireshi suke ce mata, ta nan ake shiga a lallashe shi. Na ce masa ku dai kun zo kun tarar.

Aibin ɗakin Iya ɗaya ne: ba sirri. Abin da ka faɗa a can, garuruwa huɗu sun ji.

Wajen allurar shanu Ubale ya samo matar aure. An tafi da shi Doguwa ya riƙe musu akwatin ƙanƙara, ya dawo yana ta yabon nonon can, wai ya fi na ko'ina kauri. Na ce, "Nonon ko mai nonon?" Ya jefe ni da takalmi. Hajara sunanta, 'yar farin Baffa Jibrin, wani Bafulatani mai shanu da 'yar gona, wanda rugarsa ke bayan ofishin Doguwa. Shi ne mai gadin ofishin, shi ke kama musu bijimi in za a yi allura. Mutum ne dogo, mai magana kamar ana sayar masa da ita. Kunyar 'yar fari kuwa ta sa tun da aka haifi Hajara ba wanda ya taɓa jin sunanta a bakinsa. In ta shigo ta nan, shi ya fita ta can. Ita kuwa uwar Baffa, tsohuwa Baturiya, duk maganar da ɗanta ya ƙi yi a duniya ita ta gaje ta. Ranar da Ubale ya fara zuwa gaisuwa ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Wannan Kaɗon ni ya zo nema, kunya ce ta sa ya ce jikata." Tun daga ranar take kiransa angona.

Hajara da Ubale sun dace. Ita ba ta da hayaniya, amma in ta jefa masa magana ɗaya ta kan katanga nake jin ya yi tsit, abin da duk Kiru ba mai iyawa.

Daminar tamanin da takwas, shekarar da ruwa ya yi ta zuba kamar an manta da shi a buɗe, Hajara ta tafi gida goyon ciki. Cikin fari ne. Ubale bai damu sosai ba, don kullum da safe in sun gama rahoton shanu, Halilu mai rediyon Doguwa yakan ƙara masa da, "Mutanen bayan ofis suna gaisuwa, oba." Shi ke nan, ya ishe shi yini.

Sai aka canza layin aiki. Aka kira Halilu ya zo Tudun Wada ya karɓi sabuwar lamba, ya kuma ɗauko maganin allura da cajajjen batir, don na Doguwa ya yi sanyi. Ya hau babur ya taho da hantsi. Yana isowa aka kece da ruwa. Rafin da ke kan hanyarsu ya cika ya tumbatsa, ya cinye kwalbati, ya hau gona. Ba mota, ba babur, ko Fulanin da ke gadarar iyo da sanda sun tsaya a bakin gaɓa suna kallo.

Da la'asar Halilu ya karɓi abin magana a hannun Zailani, mai rediyon Tudun Wada. Ina zaune a bakin ƙofar ofishinmu na Kiru na fake wa ruwa, da kunnena na ji.

"Kiru, Halilu ne. Na maƙale a nan. Ubale, da zan taho na ga mata suna ta shiga suna fita a gidan Baffa. An ce tun asuba take kan gwiwa. Ban ji komai ba har na baro. Oba."

Ubale ya ce, "Na ji, oba," ya ajiye. Ya ɗauki tsumma ya goge akwatin, ya sake gogewa. Ni da bakina ba ya rufuwa, ranar na rasa abin tsokana. Na san abin da ya tuna.

Ya so ya tafi. Malamin dabbobi, shugabansu, ya ce ko ya tafi a bakin rafi zai tsaya, ga shi kuma ana ta kiran ofis kan shanun da ruwa ya tare. Gara ya zauna inda labari zai same shi. To wa zai kawo labarin? Rediyon Doguwa yana kan tsohon layi da ba kowa a kai, mai shi yana Tudun Wada yana shan shayin Zailani. Halilu ya ce abu ɗaya ya taɓa nuna wa Baffa, shi ma a tsaitsaye: in wani abu ya faru ba ya nan, ya kunna, ya murɗa zuwa ɗaya bayan azahar, ya danna ya yi magana.

Washegari Ubale ya sallame azahar, ko addu'a bai tsaya shafawa ba, ya ruga ya murɗa zuwa ɗaya. Akwatin yana ta shuuu kamar ana suyar gyaɗa. Can sai muka ji ƙyat, aka yi gyaran murya.

"Salamu alaikum."

Jama'a, abin da idona ya gani. Ubale ya zame daga kan kujera, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gaban tebur, ya sunkuyar da kai, abin magana a hannu biyu.

Na ce, "Kai, ba ya ganinka fa."

Ya harare ni. Ya danna. Muryar nan da ke korar tsuntsayen gona uku ta koma kamar ta amarya.

"Wa alaikumus salam. Baffa, barka da yini. Oba."

"Barka kadai."

"An yini lafiya? Oba."

"Jam. Lafiya lau."

"Ina gajiya? Oba."

"Ba gajiya."

"Yaya ruwa? Oba."

"Ruwa ya yi gyara."

"Yaya shanu? Oba."

"Sun gode Allah."

"Yaya... yaya mutan gida? Oba."

"Lafiya lau."

Sai Baffa ya juyo da tasa. Ya tambayi gajiyar Ubale, ya tambayi aiki, ya tambayi gwaggo, ya tambayi manyan Kiru. Da suka ƙare, kowa ya tsaya jiran kowa. Sannan Baffa ya ce, "To, madalla. Sai gobe." Ƙyat.

Na ce, "Shi ke nan? Ubale, shi ke nan? Mutum ya taso ya kunna na'urar gwamnati don ya ce maka ruwa ya yi gyara?"

Ya ce, "Ai ya ce lafiya lau."

Na ce, "Ranar da gobara ta cinye rumbun kawunka, da na tambaye shi ya gida me ya ce min?"

Mu duka mun sani, lafiya lau ɗin gaisuwa ba labari ba ce. Mutum yana iya baro makoki a gida ya ce maka lafiya lau. Kuma mun san tsohon nan bai kunna akwatin a banza ba, akwai magana a bakinsa. Daɗi ce ko akasinta, ita ce ba ta fitowa. Ya za a yi ya buɗe baki ya yi wa surukinsa zancen haihuwar 'yar farinsa, garuruwa huɗu suna ji? Shi kuma Ubale da wane ido zai tambayi uban matarsa ko ta haihu?

Kashegari aka maimaita. Gaisuwar nan dai, tun daga yini har manyan Kiru, ba abin da aka tsallake. Sai dai muryar Baffa ta rage ƙarfi, kamar ya ja baya da taku goma. Halilu ya shigo daga Tudun Wada yana cewa batirin nan fa saura ƙiris, duk gaisuwa ɗaya ana yankar naman jikinsa ne. Zailani kuwa, mutumin Kano ne cikin birni, haƙurinsa gajere. Ya fizgi abin magana.

"Baffa, Zailani ne daga Tudun Wada. Don Allah a taimaka mana. Hajara ta haihu ko ba ta haihu ba? Oba!"

Sai muryar Baffa, can ƙasa:

"Shanu dai lafiya."

Ƙyat. Ya kashe. Ranar bai ƙara dawowa ba.

Ubale bai taɓa zagin mutum a kan na'ura ba, ranar ma bai yi ba, amma ya ce wa Zailani, "Allah ya shirye ka, oba," da wata irin murya da ta fi zagi. Zailani ya ce shi taimako ya yi. Abdussalami na Bebeji, dattijo mai carbi, ya shigo ya ce a yi haƙuri, a bar yi wa Fulani gaggawa, ba a jan saniya ta wutsiya.

Ubale ya daina cin abinci. Matata ta miƙa masa tuwo ta kan katanga, ya dawo da kwanon kamar yadda ya je. Na ce ya ba ni abin maganar gobe, ni ba surukin kowa ba ne, kuma kunya tun ina yaro aka yi min kaciyarta. Ya ce in na kuskura na matso kusa da teburin sai ya fasa min duk tayoyin da ke rumfata ya sa ni facinsu. Ya zauna a kan benci yana kallon eriya, yana murza hula. Can ya ce, "Kyauta, Baffa ba zai faɗa min ba. Ba zai faɗa wa kowa ba. Amma ai ba shi kaɗai ne mai baki a gidan ba."

Na ce, "To ka ce masa ya kira Baturiya mana."

Ya ce, "In aiki surukina? Kai dai faci ka iya."

Da azahar ta sake zagayowa, Baffa ya dawo. Muryar yanzu sai ka kara kunne. Ubale ya durƙusa, suka gaisa, amma ya taƙaita, ya tsallake shanu da ruwa, abin da na san ya yi masa ciwo. Kafin tsohon ya ce sai gobe, Ubale ya ɗaga murya, ya koma Ubalensa na tasha.

"Tudun Wada, Tudun Wada, Kiru ke kira. Zailani, kana ji? Da kai nake. Oba."

"Ina ji, oba."

"Na tuna wata magana da injiniya ya gaya min, na ce bari in koya maka, tunda kai ba ka san aiki ba. Ya ce abin maganar nan bai san babba ba bai san yaro ba, bai san namiji ba bai san mace ba. Ko tsohuwa aka kawo aka danna mata, muryarta za ta kai Kiru. Oba."

Zailani ya fara cewa shi wace tsohuwa gare shi, sai muka ji Halilu ya buge masa hannu. Zailani ya gyara. "Af, haka ne? Ko wace irin tsohuwa? Oba."

"Ko wace iri. Har mai cewa ta fi amarya kyau. Kuma ya ce wanda ya danna mata ba dole ya tsaya a wurin ba, yana iya zagayawa ya duba shanunsa. Sannan ya ce batir in ya tsufa, magana ɗaya ta rage masa, gara a ba mai ita. Ka riƙe wannan, Zailani. Oba."

"Na riƙe, ranka ya daɗe. Oba."

Daga Doguwa mun ji numfashi, mun ji ƙyat.

Ubale ya zauna a ƙasa yana gumi kamar ya yi noman rani. Ya ce, "Ka ga na yi rashin kunya ko?" Na ce in wannan ce rashin kunya, to ni sai a ɗaure ni.

Ban san wanda ya baza labarin ba. To, na gaya wa mai shayi, amma shi kaɗai. Washegari ana sallame azahar ofishin ya cika. Masu achaɓa sun jingine babura, mai ƙosai ta bar kasko, liman da kansa ya zo wai wucewa yake. Malamin dabbobi ya fito daga ofishinsa ya ce mene ne haka, aka matsa masa ya samu wurin tsayawa. Ubale ya murɗa zuwa ɗaya, ya ƙure ƙara.

Shuuu. Shuuu. Har na fara tunanin batirin ya cika da imani.

Ƙyat.

"Salamu alaikum." Baffa ne, kamar daga cikin rijiya. Sai muka ji ƙarar ƙofar kwano, da takun mutum yana nisa. Sannan wata siririyar murya:

"A nan zan sa baki? Wannan abu kamar ludayi? Jibrin! Ya tafi. Kai, angona! Kana ciki?"

Ofis ya ɗauki sowa. Ubale ya danna yana "Inna, Inna, ina ji," amma a banza. Ashe Baffa ya naɗe maɓallin da igiyar ɗaure maraƙi don kada ya wahalar da tsohuwa. Ita ke da layi, ba mai iya shiga. Sai dai mu saurara.

"To ba ka amsawa, ka yi fushi ke nan. Ina yini? Ina gajiya? Yaya gwaggonka, ƙafar tata ta yi sauƙi?"

Wani ɗan achaɓa ya ɗora hannu a ka. "Wayyo, ita ma gaisuwar za ta yi!"

"Goron da ka aiko min kwanaki, angona, duk ya bushe. Ko akuya na ba ta ƙi. Haka ake riƙon mata a Kiru? Kuma atamfar nan, na ce maka mai ganye, ka kawo mai kifi. Ni na ce maka ina cin kifi?"

Muryar tana ta yin ƙasa. Mutane suka matso, kai bisa kai. Liman yana cewa, "Faɗi mana, baiwar Allah, faɗi mana," kamar tana jinsa. Ubale ya rungume akwatin, ya manna kunne a jikinsa, idonsa a rufe.

"Ruwa kuwa ya ci mana masara ta gefen rafi. Saniyar nan mai ƙaho ɗaya ta ɓata, aka gano ta... Me ma aka ce in gaya maka? Yauwa. Kishiyata."

Ubale ya ƙara manna kunne.

"Ta sauka lafiya tun ranar da aka yi babban ruwan nan, kafin la'asar. Ga ta can ta sha wanka tana shan kunun kanwa, ta cinye min kaza guda ita kaɗai. Ita lafiya, abin da ta haifa lafiya, mai ƙaton baki irin naka, ba mu runtsa ba tun da..."

Sai ta rangaɗa guɗa. Guɗar ta taso daga Doguwa siririya kamar zare, ta yi ta sirancewa, ta yi ta sirancewa, har shuuu ya haɗiye ta. Batir ya gama aikinsa.

Mai ƙosai ce ta karɓe guɗar daga inda ta tsaya. Ofis ya kacame. Masu achaɓa suka fita suna ta matsa hon. Ubale yana zaune daɓas a ƙasa, yana dariya hawaye na zuba, yana ta "Alhamdu lillahi, oba, alhamdu lillahi, oba," ba tare da ya danna komai ba. Abdussalami ya shigo daga Bebeji ya ja doguwar addu'a, muka shafa. Yana gamawa Zailani ya faɗo.

"Kiru, barka, barka! Amma tsaya. Namiji ne ko mace? Oba."

Muka dubi juna. Duk surutun tsohuwar nan, har da saniya mai ƙaho ɗaya, ba ta faɗa ba.

Ubale ya share fuska da hula, ya danna. Muryarsa ta dawo gaba ɗaya, har kwanon rufi yana amsawa.

"Tudun Wada, mutum ne. Oba!"

Ya juyo ya ce min in je in ce wa matata ta ɗumamo tuwon nan.

Ya ci gaba da aikin har ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da aka rufe shirin aka zo aka kwashe akwatunan. Daga nan ya koma noman albasa da tumatir a fadamar Ba'awa, kuma ya fi samun rufin asiri a can, ko da yake har yau in ya yi ciniki da 'yan kasuwa ana ji daga bakin titi. 'Ya'yansa da Hajara bakwai. Sauran shida duk a Kiru aka haife su, ni na fara jin kukansu ta kan katanga kafin ubansu.

Amma waccan haihuwar ta fari, ana gobe suna ruwan rafi ya ja baya, na ɗauke shi a babur ɗin ƙanina, rago ɗaure a tsakaninmu yana ta yi min fitsari a baya. Ubale ya sayi 'yar hula, ya sayi 'yan kunne, ya zuba duka a aljihu ɗaya. Mun tsallake rafin da ƙafa, babur a kan mutum huɗu, rago a wuyan angon Baturiya. Mace ce. Aka sa mata Dije, sunan yanka na tsohuwar.

Da muka shiga rugar, Baturiya ta fito da jaririyar a zani, ta dangwara masa ita a cinya a gaban mutane. Ubale ya ɗaga kai yana kallon rufin bukka, wai shi mai kunyar 'yar fari. Na zauna kusa da shi ina lura. Idon dama yana sama, na hagu yana ta zamewa ƙasa.

Na ce a hankali, "Hancinka ne fa."

Bai sauke kai ba. Ta gefen baki ya ce, "Ƙarya kake. Na uwarta ne. Na duba."